Garam masala, kori ko panch phoron: wanne za ki fara haɗawa a gida?

Uwargidan da ta saba da korin leda da tayim, ranar da ta ce bari ta haɗa kayan ƙamshin Indiya da hannunta, abin da zai fara ɗaure mata kai shi ne yawan sunaye. Ga garam masala, ga sambar masala, ga chaat masala, ga panch phoron, na biriyani daban, na kifi daban. Ko wanne kika ɗauka kuma, in kin bi gidajen Indiya kina tambaya, kowace mace da ma'aunin da ta gada wurin uwarta. Ba mai sayen kayan duka ta jera a kicin, ba ma buƙatar haka. Wasu ƙwayoyin suna da tsada a nan, kuma da zarar an niƙa su ba sa jure ajiya. Sai dai a zaɓi ɗaya a fara da shi.

Ni ba na duba wanda ya fi suna. Ina duba abin da kika fi ɗorawa a wuta, sannan ina duba lokacin da haɗin yake shiga tukunya. Na biyun nan aka fi tsallakewa, alhali shi ne ya raba su. Akwai haɗin da dole ya soyu cikin mai tun farkon girki, in ba haka ba ɗanyensa zai fito a baki. Akwai wanda in kika zuba da wuri kin yi asara, domin ƙamshin zai bi tururi, maƙwabta su sha, masu ci su tashi a tutar babu. Akwai kuma wanda ba ya ganin wuta ko kaɗan.

Mu fara da kori, tunda shi muka sani. A yawancin gidajen Indiya ba a ajiye kwalba guda da sunan kori. Abin da ke gefen murhu wani zagayayyen gwangwanin ƙarfe ne mai murfi, suna ce masa masala dabba, a cikinsa ƙananan kofuna, galibi bakwai: kurkur a nan, garin barkono a can, kusbara, kamun, ƙwayar mastad (wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya zagayayya mai ɗan yaji), da duk abin da gidan ya fi ta'ammali da shi. Kowace miya da yadda ake ɗibar mata. Turawan Ingila da suka zauna can ƙarƙashin kamfanin East India, wanda aka kafa a 1600, su ne suka so a dunƙule musu ɗanɗanon nan cikin gari ɗaya da za su tafi da shi gida, kuma kafin ƙarni na 18 ya ƙare ana tallarsa a shagunan Landan. Madras ɗin da kike gani a jikin gwangwani tsohon sunan birnin da ya koma Chennai ne a 1996. Daga Ingila garin ya bi hanyoyin fatauci da na mulkin mallaka har ya zama ɗan gida a soyayyar shinkafarmu.

Ginshiƙin kori shi ne kusbara, kurkur, kamun, hulba da jan barkono. Kusbara zagayayyar ƙwaya ce mara nauyi, ruwan ƙasa mai haske, in kika murƙushe ta za ki ji kamar ɓawon lemo. Indiyawa na ce mata daniya. Kamun siriri ne mai tsaga-tsaga a jiki, su kuma jira suke ce masa, kuma jihohin Gujarat da Rajasthan ne suka fi noma shi. Duk kayan nan masu son mai ne da lokaci. Kurkur da bai soyu ba ɗanɗanon ƙasa gare shi, ɗanyar hulba kuma ɗaci. Shi ya sa ake soya albasa ta yi ja, a rage wuta, a zuba korin a juya kamar minti ɗaya, in ya fara kama gindin tukunya a yayyafa ruwa, kafin a kawo tumatir. Daga nan sai haƙuri har mai ya rabu ya taso ta gefe.

In za ki haɗa shi, ga ma'aunin da nake ganin ya dace da bakinmu: kusbara babban cokali 4, kamun 2, garin kurkur 2, ƙwayar mastad ƙaramin cokali 1, baƙin barkono ƙarami 1, busasshiyar citta ƙarami 1, hulba rabin ƙarami, sai busasshen jan barkono daidai ƙarfin gidanki. Za ki ga launinsa ya fi na leda duhu. Kada ki ƙara kurkur don neman rawayar nan da ido ya saba da ita. Ita ce ma alamar kurkur ya danne sauran.

Garam masala wata duniya ce daban, kuma wadda ta musanya shi da kori a girki za ta gane a cokalin farko. Na arewacin Indiya ne da Pakistan, ƙasar nama da alkama da shinkafar basmati. Babu kurkur a cikinsa, galibi babu jan barkono, don haka ba ya canza wa miya launi kuma ba ya ƙona harshe. Kayansa su ne kanumfari, girfa, baƙin barkono, gyaɗar ƙamshi, da hel, koren ɗan kwanson nan mai baƙaƙen 'ya'ya a ciki da Larabawa ke sa wa gahawa, wanda wasu ke kira kadamom. Ƙamshin waɗannan yana cikin wani mai ne da ke gudu da zarar ya ji zafi. Saboda haka wurinsa ƙarshen girki: nama ya nuna, miya ta yi kauri, a kashe wuta, a barbaɗa rabin ƙaramin cokali a tukunyar mutum biyar ko shida, a rufe a ba shi minti biyar. Kamar dai soyayyen man shanu da ake zubawa bayan an kwashe tuwo an sa miya; ba wanda ke dafa shi tun farko ya ce zai ji ƙamshinsa a ƙarshe.

Sai dai akwai wata dabara tasu da ta cancanci a ɗauka. Kayan nan guda ɗaya, in ba a niƙa su ba, su ne ke fara shiga tukunya. Mai dafa shinkafar pulao zai jefa sandar girfa, kanumfari uku ko huɗu, da hel da aka ɗan fasa cikin mai mai zafi kafin albasa. Ƙwaya sukutum tana sakin ƙamshi a hankali, tana jure awa guda a wuta, gari kuwa nan take yake bayarwa ya ƙare. Wadda ta sayi kayan garam masala ke nan ta sayi abu biyu da kuɗin ɗaya.

Shi ma garam masala ba iri ɗaya ba ne. Na yankin Punjab, a arewa, yana da kusbara da kamun da yawa, shi ya sa ya fi sauƙi a baki, ana iya zuba shi da ɗan yawa, kuma ya fi arha tunda masu arha ne suka cika kwalbar. Na yankin Bengal, a gabas, abu uku ne kacal, hel da girfa da kanumfari, ƙarfinsa kuwa ba a magana. Mutanen Kashmir suna son shammar da busasshiyar citta a namansu. Wasu gidajen suna ƙara baƙin hel, wani babban kwanso mai yamutsattsen jiki da ake nomawa a jihar Sikkim ta Indiya da ƙasar Nepal, ana busar da shi a kan wuta har ya ɗauki ƙaurin hayaƙi. Guda ɗaya ya isa kwalba, kuma ba a musanya shi da koren hel, musamman a shayi ko kayan zaƙi.

To, tsakanin kori da garam masala wanne? In gidanki gidan kaza ne da naman rago, da shinkafa, da samosar azumi, ki fara da garam masala, kuma ki fara da na Bengal. Dalilina na farko, kori yana kowane kanti, kuma ko na leda ne yana yin aikin da aka sa shi, ya ba da launi da ɗan gindin ɗanɗano. Abin da kicin ɗinmu ya rasa shi ne ƙamshin ƙarshe. Na biyu, garam masala ne haɗin da ya fi lalacewa a kwali. Garin hel da ya yi wata da watanni tsakanin masana'anta da jirgi da kanta, abin da zai iso miki ragowa ne. A nan ne wahalar niƙa da kanki take biya. Na uku, kayan ba baƙi ba ne. Kanumfari da girfa suna wurin mai kayan yaji, hel yana wurin masu kayan shayi, ba sai kin nemi shagon Indiyawa ba. Ki auna hel babban cokali 1 bayan kin ɓare, girfa sanda biyu tsawon yatsa, kanumfari ƙaramin cokali 1. Kanumfari ne mai kwaɗayin mulki a nan. In ya yi yawa harshe zai yi nauyi kamar an sa maganin haƙori, don haka a riƙe masa linzami.

In wannan ya karɓe ki, sai ki faɗaɗa zuwa irin na Punjab: ki ƙara kusbara babban cokali 4, kamun 2, baƙin barkono 1, da rabin gyaɗar ƙamshi. Indiyawa suna sa wani ganye da suke kira tej patta, wanda ake yawan ruɗa shi da ganyen da muke jefawa a dafa-duka. Nasu ya fi tsawo, jijiyoyi uku ne suka bi shi daga gindi zuwa kai, kuma ƙamshin girfa yake yi. In babu shi a bar shi, a ɗan ƙara girfa.

Wani abu da ya kamata a faɗa ƙarara: garam masala ba ya shiga ko'ina. Miyar kuka, kuɓewa, duk inda daddawa ke da iko, ki bar shi a kwalba, don faɗa za su yi. Farfesun da aka riga aka ba kimba da masoro da kanumfari shi ma bai rasa komai ba. Wurinsa jar miyar kaza, niƙaƙƙen nama, dambun nama, kazar da aka jiƙa a kindirmo kafin gashi, da shinkafa.

Yaushe kori na gida zai zo gaba? In kina yawan dafa wake, dankali, kabeji, ƙwai a miya, ko kifi, wato abincin da ke buƙatar a gina masa ɗanɗano tun daga gindi. Nama yana zuwa da nasa romon, ƙamshi kawai yake nema. Dankali ba ya zuwa da komai.

Akwai na uku da ba a cika ambata ba, kuma ga wadda ba ta da abin niƙa ko ba ta da lokaci, ina ganin ma shi ya fi. Panch phoron na gabas ne, Bengal da Odisha da Bangladesh. Ƙwaya biyar ce ake cakuɗawa daidai wa daida ba tare da an niƙa ko an soya ba: kamun, shammar, hulba, habbatus sauda, da baƙar ƙwayar mastad, ko da yake a Bengal wasu na sa wata ƙwaya mai suna radhuni a madadin mastad. Ki lura da jerin nan. Hulba, shammar da habbatus sauda duk suna shagunan masu magungunan Musulunci, wataƙila ma suna cikin durowarki yanzu, ana shan su don lafiya, ba a taɓa tunanin tukunya ba. Haɗawar ba ta wuce zuba su a kwalba a girgiza ba. Shawarata ɗaya, hulba ta zama rabin sauran. Ɗacinta yana da naci, kuma duk wadda ta taɓa shan ta ta san yadda take fitowa a gumi.

Gwanintar tana wurin soyawa, abin da a Hindi suke kira tadka. Ki ɗora mai cokali biyu. Mutanen Bengal man mastad suke sawa, amma man gyaɗa yana yi. Ki jefa ƙwayar mastad ɗaya ki gani: in ta kwanta shiru, da saura, in ta yi ta zagaye da kumfa a jikinta, ya yi. Sai ki zuba ƙaramin cokali ɗaya na haɗin. Nan take za ki ji tas-tas, mastad na fashewa yana tsalle, sai ki kara murfi ki bar ɗan kafa. Kamun zai kumbura ya yi duhu, shammar ta saki wani zaƙi-zaƙi. Idonki ya tsaya kan hulba, ita ce agogon. Tana tashi daga rawaya zuwa ruwan zuma, ki zuba kabewarki ko dankali ko alayyafo, sanyinsu ya tsayar da suyar. Duka bai kai rabin minti ba. In hulba ta yi baƙi, kada ki yi ta lallaɓawa, ki zubar da man ki sake, don ba gishiri ko tumatir da zai ɓoye wannan ɗacin. Panch phoron da kabewa, ko da faten wake, ko a ƙarƙashin kifi, abin a gwada ne. A jan nama kuwa bai kai garam masala ba.

Sambar masala na kudu ne, Tamil Nadu da Karnataka. Sambar ɗin miya ce ta wani irin wake da suke kira tur dal, da kayan lambu da tsamiya, wadda ake ci da shinkafa ko da wainarsu ta idli da dosa. Garinsa ya bambanta da sauran don har da wake ake soyawa a niƙa a ciki, shi ke ba miyar kauri. Sai kusbara da jan barkono masu yawa, hulba, ganyen kori, da hing, wani ƙaro mai tsananin wari da Indiya ke shigo da mafi yawansa daga Afghanistan. Tsamiyar za ta ja hankalin Bahaushiya, amma ban ba da shawarar a fara da shi ba. Miya ɗaya yake yi wa aiki, kuma kayansa sun fi wuyar samu. Ganyen da ake sayarwa da sunan ganyen kori a kasuwannin Najeriya ma dangin ɗoɗɗoya ne, nasu kuwa ganyen wata bishiya ce daban. Mai sha'awar sambar ta sayi na kwali ta ɗanɗana tukuna.

Chaat masala kuwa shi ne wanda ba ya ganin wuta. Barbaɗa shi ake yi a kan 'ya'yan itace, dafaffen dankali, soyayyun kayan ƙwalama. A Delhi da Lahore, kwanon yankakkun 'ya'yan itace da aka barbaɗa wa shi yana cikin abin da aka saba buɗa-baki da shi. Abu biyu ne ransa: garin busasshen ɗanyen mangwaro, amchur, mai ba da tsami, da wani gishiri da suke kira kala namak, mai warin dafaffen ƙwai. Na farkon ba abin da zai gagare mu, ga mangwaro ga rana: a fere ɗanye shar tun bai fara nuna ba, a yanka siri-siri, a shanya har ya riƙa karyewa, a daka. Gishirin ne sai an saya, kuma don Allah kada wata ta ce za ta sa kanwa a madadinsa, ba su haɗa hanya ba. In babu shi, garin mangwaro da soyayyen kamun da baƙin barkono da gishirin gida za su ba ki abin da zai tashi kankana da gwaba da kokwamba, ko da bai cika sunansa ba. Ba shi za ki fara yi ba, amma in azumi ya faɗo lokacin zafi za ki neme shi.

Duk wanda kika zaɓa, rabin aikin a kasuwa yake. Ki sayi ƙwaya, kada ki sayi gari, kuma ki sa hannu da hanci. Kanumfari mai kyau in kika danna shi da farce zai nuna maiƙo, kansa yana nan bai karye ba. Wanda aka riga aka tatse mansa busasshe ne fayau, in an jefa shi a ruwa sai ya kwanta a sama. Ki fasa hel guda ɗaya a gaban mai kaya: 'ya'yan su kasance baƙaƙe masu ɗan danƙo, in sun yi fari-fari sun bushe, ya tsufa. An san ana cakuɗa baƙin barkono da busassun 'ya'yan gwanda, sai ki tauna ɗaya daga waɗanda suka fi yamutsewa. Kamun da shammar kuma suna kama da juna har mai shago kan miƙo ɗaya a madadin ɗaya. Shammar ta fi girma, ta fi kore, in an tauna zaƙi take yi.

Batun musanya, masoro ɗan uwan baƙin barkonon Indiya ne, wanda asalinsa gaɓar Malabar ce a jihar Kerala, kuma zai iya tsaya masa, sai dai ƙamshinsa daban ne kuma yana ɗan ɗaci in ya yi yawa, don haka a rage. Ɓallin kimba yana ba da ƙaurin da ke kusa da na baƙin hel a haɗin nama, ko da yake Ba'indiye zai gane ba shi ba ne. Citta kuwa, wadda ake nomawa a kudancin Kaduna ba ta jin kunyar ta kowa. Ban ga abin jin nauyi a irin wannan musanya ba. Jan barkonon da yau ba a raba girkin Indiya da shi ma baƙo ne, 'yan Fotugal suka kawo shi daga nahiyar Amurka bayan jagoran jiragen ruwansu Vasco da Gama ya sauka birnin Calicut na Indiya a 1498.

Sai tambayar da masu girkin Indiya kansu ba su daidaita a kai ba: a soya ƙwayoyin a busasshen kasko kafin niƙa, ko a niƙa su haka? Suya tana korar danshi, tana sa niƙa ya yi sauƙi, tana kuma juya ƙamshin kusbara da kamun ya koma mai zurfi, irin na soyayyar gyaɗa. Amma tana cin wani abu daga hel da kanumfari, wannan kaifin da ke tashi zuwa hanci. Abin da ya fi mini shi ne a raba su. Kusbara da kamun da barkono a soya, kowanne shi kaɗai tunda girmansu ba ɗaya ba, a wuta kaɗan, hannu bai daina juyawa ba. Kamun kan ɗauki minti biyu ko ƙasa da haka. In kin ga ya tashi daga toka-toka zuwa ruwan ƙasa, kin matse ɗaya tsakanin farce ya fashe ƙaras, ki juye a faranti nan take, don kaskon zai ci gaba da ƙona shi ko an kashe wuta. Hel da girfa da kanumfari kuwa ranarmu ta ishe su, a baza a faranti a rufe da siririn mayafi a bar su yini guda. A Indiya ma gidaje da yawa lokacin bazara suke shanya kayansu su yi niƙan shekara. Garin kurkur da na citta ba sa shiga kasko, sai bayan an niƙa sauran a cakuɗa. Kuma komai ya huce sarai kafin ya ga inji, in ba haka ba tururi zai dunƙule garin.

Turmi ko inji? Turmi ba ya ɗumama gari, don haka ƙamshi ba ya gudu, kuma don cokali biyu ko uku ya fi komai. Matsalarsa itace yana riƙe wari. Turmin da ya sha daddawa da tafarnuwa zai ba garam masalarki labarin da ba ki tambaya ba, sai dai a ware masa ƙarami nasa. Ƙaramin kofin bilenda na busassun kaya ya fi sauri da laushi. A kunna a kashe, a kunna a kashe, kada a bar shi ya yi ta gudu har kofin ya yi zafi. A kakkarya girfa tukuna, a goga gyaɗar ƙamshi a magogi. Busasshen saiwar kurkur tauri gare shi kamar dutse, yana iya karya wuƙar bilenda, sai an fara farfasa shi a turmi. Injin niƙa na unguwa kuwa ki manta da shi. Kofi ɗaya na kaya zai ɓace a cikinsa, abin da zai fito kuma ya gauraya da masarar wadda ta riga ki. A Mumbai akwai layi guda a unguwar Lalbaug da mata ke kai kayansu a soya a daka musu, amma su kilo-kilo suke kaiwa, kuma injinan ba su san wani aiki ba sai wannan. Bayan niƙa a tankaɗe da rariya mai laushi. Tsakin da ya rage kada a zubar, a ƙulle a jefa cikin ruwan tafasa nama.

Na kwali fa, a yi watsi da shi ke nan? A'a. Don sambar da chaat masala, da haɗe-haɗen da ke da kaya goma sha wani abu waɗanda za ki yi amfani da su sau biyu a shekara, kwali ya fi hankali. Ki dai karanta bayansa, domin ana jera kayan ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci. In gishiri da kusbara ne a sahun gaba, kin san abin da kika biya. Ki duba ranar da aka yi shi, ba ranar lalacewa kaɗai ba. Batun tsabta ma yana nan. A watan Afrilun 2024 hukumomin abinci na Hong Kong da Singafo sun dakatar da sayar da wasu haɗe-haɗen manyan kamfanonin Indiya saboda sinadarin ethylene oxide, mai kashe ƙwari da ƙwayoyin cuta, da suka ce sun samu fiye da ƙima, kamfanonin kuma suka ce kayansu lafiya lau. An kuma sha kama kurkur da aka ƙara wa launi da sinadari mai dalma a Bangladesh da wasu sassan Indiya. Sayen ƙwaya bai kawar da kowane haɗari ba, amma aƙalla kina ganin abin da kike niƙawa, kina iya tsince tsakuwa da ƙwari.

Kada ki yi da yawa. Ma'aunan da na bayar za su cika ƙaramar kwalba, kuma haka ake so, abin da zai ƙare cikin wata biyu zuwa uku. Kwalbar gilashi mai murfin da ke kamawa ta fi roba, a wanke ta ta bushe ƙarau, a ajiye ta cikin kabad nesa da murhu da taga. Da hunturu ba ki da damuwa. Da damina ne gari ke jan danshi ya dunƙule, har ya yi fumfuna in an yi sake, saboda haka a lokacin ki rage yawan da kike niƙawa zuwa rabi, kuma kada ki riƙa karkata kwalbar a kan tukunya mai tururi. Ki ɗiba da busasshen cokali a gefe ki mayar da murfi. Ƙwayoyin da ba a niƙa ba suna kai shekara lafiya, panch phoron ma haka tunda shi ba ya ganin turmi. Hel ki bar shi cikin kwansonsa sai ranar da za ki niƙa.